A fara kafa ƙaramin garin bakin teku kafin a sayi tikitin Faris

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wani kuskure da ya zama ruwan dare wajen masu shirin zuwa hutu Turai, musamman masu son haɗa manyan birane da ƙananan garuruwan bakin teku a tafiya guda. Yadda aka saba, mutum zai jera sunayen da ya daɗe yana ji, Faris, Roma, Basalona, ya sayi tikiti, ya kama otal, sai can daga baya ya tuna da wani ƙauye mai fararen gidaje da ya gani a hoto, ya ce zai leƙa shi a kwana ɗayan da ya rage. A nan tafiyar take tsinkewa. Babban birni yana da jirage safe da yamma, yana da masauki ba adadi, kuma a buɗe yake duk shekara. Ƙaramin gari kuwa yana da lokacinsa, ɗakunansa 'yan kaɗan ne, hanyarsa ma sau da yawa ɗaya ce tal. Shi ne mai wuyar sha'ani, saboda haka shi ake fara kafawa, sannan a ɗaura biranen a jikinsa.

Kafin komai a yi lissafin kwana. Duk ranar da aka canza masauki, rabinta ta tafi. Yawancin otal-otal suna so a ba su ɗakinsu da ƙarfe 10 ko 11 na safe, sabon masauki kuma ba ya ba da makulli sai ƙarfe 2 ko 3 na rana. A tsakani ga haɗa kaya, ga zuwa tasha, ga jira, ga neman adireshi a garin da ba a sani ba. Wanda ya kwana biyu a gari, wuni ɗaya cikakke ya samu, wanda ya kwana uku ya samu biyu. Don haka tafiyar kwana 14 ba ta ɗaukar masauki fiye da huɗu, in an matsa biyar. Kwana uku zuwa huɗu a kowane birni, kwana uku a kowane ƙaramin gari. Wasu kan ce me za a yi har kwana uku a ƙauyen da ake zagaye shi cikin minti 40? Ai amfanin ke nan. Garuruwa irin su Vernazza da Positano na Italiya daga hantsi zuwa la'asar cike suke da masu zuwa su koma a ranar, da waɗanda manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido ke saukewa rukuni-rukuni. Sai da yamma, bayan sun watse, da kuma sassafe kafin su iso, ake ganin garin yadda yake. Mai zuwa ya koma a wuni ɗaya ya biya kuɗin mota ne ya sayi cunkoso.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci game da ƙaramin gari ita ce yadda ake kammala kilomitocin ƙarshe zuwa cikinsa. Akwai garuruwan da jirgin ƙasa ke ajiye mutum a tsakiyarsu. Cascais tana da nisan kimanin minti 40 daga tashar Cais do Sodré ta Lisbon. Sitges ma kusan haka take daga Basalona. Villefranche-sur-Mer ba ta kai minti 10 ba daga Nice, Cefalù kimanin awa ɗaya daga Palermo, Polignano a Mare da Monopoli kuma suna kan layin da ya fito daga Bari ya yi kudu. Collioure, kusa da iyakar Faransa da Sifaniya, tana da tasharta. Mai tsoho ko ƙananan yara a tare da shi, ko wanda karonsa na farko ke nan, ya zaɓa daga cikin irin waɗannan, hankalinsa zai fi kwanciya.

Akwai kuma masu yaudara, waɗanda taswira ke nuna suna da tasha amma tashar ba ta cikin gari. Ta Cassis, kusa da Marseille a Faransa, tana da nisan fiye da kilomita 3 daga bakin ruwa, kuma wanda ya sauka da dare bai tanadi tasi ba zai iya tsayuwa shi kaɗai da akwatinsa. Corniglia, ta tsakiya a ƙauyuka biyar na Cinque Terre da ke gaɓar Italiya, tana kan dutse ne, tasharta tana ƙasa, a tsakaninsu akwai matakala kusan 380 ko wata ƙaramar bas da ke cika nan da nan, kuma jirgin ruwan da ke zagaya ƙauyukan ba ya tsayawa a wurinta don ba ta da mashigi. Sauran huɗun, Monterosso da Vernazza da Manarola da Riomaggiore, jirgin da ke kai-komo tsakanin La Spezia da Levanto yana haɗa su cikin 'yan mintuna.

Kashi na uku su ne waɗanda babu dogo sam, kuma abin haushi, galibi su ne mafiya kyau a hoto. Positano da Amalfi ba su da jirgin ƙasa: ko a sauka a Salerno a shiga jirgin ruwa ko bas ɗin SITA, ko a bi ƙaramin jirgin Circumvesuviana daga Napoli zuwa Sorrento, fiye da awa ɗaya, sannan a nemi bas. Cadaqués sai an sauka a Figueres an hau bas ya haura dutse ta hanya mai kwana-kwana, kusan awa guda. Honfleur sai ta Deauville ko Le Havre. Nazaré bas ake hawa daga tashar Sete Rios ta Lisbon. Dubrovnik ma, duk da sunanta, ba ta da jirgin ƙasa. Tsibirin Hydra na Girka daga Piraeus ake zuwa ta ruwa, kuma ba a yarda da motocin hawa a cikinsa ba, jakuna da alfadarai ke ɗaukar kaya. Ga irin waɗannan wurare, a buɗe jadawalin kamfanin bas ko na jirgin ruwa da kansa, na ainihin ranar da za a yi tafiyar, a dubi lokacin tashi na ƙarshe. Jadawalin Lahadi daban yake da na ranakun aiki, na hunturu daban da na bazara, kuma manhajar taswira ba kullum take sanin wannan ba.

Lokacin shekara shi ma daga gaɓar teku ake yanke shi, domin birni ba ruwansa. Faris da Roma suna da abin kallo ko a Janairu. Gaɓar Amalfi kuwa daga Nuwamba har wajen bikin Ista otal-otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke, jiragen ruwan da ke haɗa garuruwanta kuma kusan daga Afrilu zuwa Oktoba suke aiki. Yuli da Agusta su ne lokacin da Turawan kansu ke kwarara bakin ruwa, 15 ga Agusta hutu ne a Italiya da Faransa da Sifaniya da Fotugal da Girka, kuma a makonnin nan ƙananan masaukai da dama ba sa karɓar mai kwana ɗaya ko biyu. A Tekun Aegean kuma watannin nan ne iskar meltemi ke kaɗawa daga arewa, tana iya hana ƙananan jirage masu gudu tashi. A ganina, Satumba zuwa farkon Oktoba ya fi kowane lokaci ga mai son haɗa biyun: ruwan Bahar Rum ya sha rana duk bazara yana da ɗumi, yara sun koma makaranta, zafin birane ya sauka. Mayu da Yuni ma suna da kyau ga mai son yawo, sai dai a Mayu ruwan yana da sauran sanyi. Kada kuma a ɗauka duk teku ɗaya ce. Gaɓar yammacin Fotugal Atlantika ce, ruwanta yana da sanyi har a tsakiyar Agusta, ga iska daga arewa da yamma.

Bari in kawo misali a ga yadda lissafin ke zama. A sauka a Basalona a kwana huɗu. A bi dogo a tsallaka iyaka zuwa Collioure a kwana uku, ko ta jirgi mai gudu zuwa Perpignan sannan a ɗan dawo kudu da ƙaramin jirgi, ko ta layin gaɓa da ke bi ta Portbou da Cerbère, wanda ya fi jinkiri amma ya fi araha da kyan kallo. Daga nan a nufi Marseille, a wuce Cassis, kimanin minti 25 gaba, a kwana uku. Sannan a dawo Marseille a hau jirgin ƙasa mai gudu na TGV, awa uku da 'yan mintuna sai Faris, a kwana huɗu a tashi daga can. Masauki huɗu, canji uku, babu jirgin sama ko ɗaya a tsakani, in kuma aka bi layin gaɓa, ba a maimaita hanya ba sai ɗan guntun nan na Cassis. Sirrin shi ne sayen tikitin jirgin sama mai shiga ta wani birni ya fita ta wani. Sau da yawa bambancin kuɗinsa da na je-ka-dawo bai kai abin da za a kashe wajen komawa inda aka fara ba, balle wunin da zai salwanta. Haka za a iya ja a Italiya: Milan, Camogli ko ɗaya daga ƙauyukan Cinque Terre, Florence, a ƙare a Roma.

Wannan misalin yana fito da wata ƙa'ida ta biza da ke kayar da mutane. Mai buƙatar bizar Schengen, wato biza ɗaya da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, yana nema ne a wurin ƙasar da zai fi daɗewa, sai in kwanakin sun yi daidai ake komawa ga ƙasar da za a fara shiga. A tsarin da na zana, kwana 10 a Faransa ne, 4 a Sifaniya, don haka Faransa ake nema ko da yake Basalona za a fara taka. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yuro 45 ga yara 'yan shekara 6 zuwa 12. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45, ban da jiran samun ranar ganawa, wanda shi ne ke tsawaita idan bazara ta gabato. Ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfon da zai yi sauran wata uku bayan ranar fita, mai shafi biyu babu komai. Ana son ganin masaukin kowane dare, shi ya sa ya fi kyau a kama ɗakunan da za a iya sokewa kyauta har sai biza ta fito. A lura kuma da ko shiga ɗaya aka bayar ko da yawa. Birtaniya da Ireland ba sa cikin Schengen, Landan bizarta daban. Kuroshiya ta shiga a Janairun 2023, amma Montenegro ba ta ciki, don haka wanda ke Dubrovnik ta Kuroshiya da biza mai shiga ɗaya ya tsallaka ya ga Kotor ta Montenegro, ya ƙone bizarsa ke nan, ba zai dawo ba.

Tikitin jirgin ƙasa iri biyu ne, kuma dabararsu kishiyar juna ce. Masu gudu, TGV a Faransa, AVE a Sifaniya, Frecciarossa da Italo a Italiya, kuɗinsu yana hawa ne yayin da kujeru ke ƙarewa, kuma tikitin na jirgi ɗaya ne a sa'a ɗaya. Su ake saye da wuri, da zarar an buɗe sayarwa, galibi 'yan watanni kafin ranar. Na yanki, masu tsayawa a ƙananan tashoshi, kuɗinsu ba ya canzawa, babu dalilin ɗaure kai tun daga nesa. Sai dai a Italiya tikitin takarda na jirgin yanki dole a saka shi cikin ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin a hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci tara, kuma ba ya jin "ban sani ba". Katin Eurail, wanda ake saye sau ɗaya a hau jiragen ƙasa na ƙasashe da dama, yana burge mutane, amma a waɗannan ƙasashe uku jirage masu gudu suna neman a biya kuɗin kujera daban a kansa, kuma bai shafi Italo ba, bai shafi Circumvesuviana ba. Ga mai dogayen tafiye-tafiye uku kacal, sayen tikiti ɗaiɗai da wuri ya fi sauƙi. A kuma karanta sunan tasha da kyau. Faris tana da manyan tashoshi da dama: mai zuwa Marseille ko Nice Gare de Lyon zai je, mai zuwa Saint-Malo Montparnasse. A Porto jiragen Lisbon daga Campanhã suke tashi.

Jiragen sama masu araha kuwa, araha ba ta ado. Filin Beauvais da ake liƙa wa sunan Faris yana da nisan kimanin kilomita 85 daga birnin, Bergamo kimanin 50 daga Milan, Girona ma tafiya ce mai nisa daga Basalona. A haɗa kuɗin bas, da na akwati da ake biya daban, da awa biyun jira, sai a tarar jirgin ƙasa ya riga shi isa a duk tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ko biyar a dogo ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisa, idan jirgi ya makara awa uku ko fiye bisa laifin kamfani. Amma wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban, na farko ya makara ya rasa na biyu, kamfani na biyu ba ruwansa.

Hayar mota tana da amfani a inda garuruwa suka warwatsu, kamar Algarve ko Puglia ko Istria, kuma a ranar barin birni ake karɓarta, a mayar kafin a shiga na gaba. A cikin tsofaffin unguwannin Italiya akwai yankunan da aka rubuta wa ZTL, wato inda aka hana mota marar izini shiga, kyamara ce ke ɗaukar lamba, kowace shiga tara ce, kuma sai bayan watanni takardar ke iske mutum, ga kuɗin da kamfanin haya zai cira na kansa. Hanyar gaɓar Amalfi matsattsiya ce, wurin ajiye mota ya yi ƙaranci kuma da tsada, a ranakun cunkoso har ana raba shiga bisa lambar ƙarshe ta mota. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya kama tun da wuri. Ana neman katin bashi da sunan direba don riƙe kuɗin jingina, kamfanoni da yawa suna neman lasin tuƙi na ƙasa-da-ƙasa, kuma ajiye mota a wata ƙasa dabam da inda aka ɗauke ta yana da caji mai nauyi.

Kaya ma gaɓa ce ke yanke girmansu. Akwati mai kilo 23 yana tafiya sumul a filin jirgi, amma a titin da aka shimfiɗa da duwatsu, da gidan da ba shi da lif, da gangaren shiga jirgin ruwa, ya zama ƙarfen ƙafa. Ƙaramin akwati ɗaya da jakar goyo sun isa, a yi wanki a birni inda injinan wanki na kuɗi suke ko'ina. Kafin a biya ɗaki a ƙaramin gari a tambayi mai gida abu uku: matakala nawa ne daga inda mota ke tsayawa, akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma har ƙarfe nawa ake ba da makulli. Yawancinsu iyali ne ke gudanarwa, babu mai zaman dare a ƙofa. A riƙe 'yan kuɗin hannu don bas da ƙananan shaguna, kuma duk sanda na'urar biya ta tambaya da wane kuɗi za a cira, a zaɓi yuro, domin canjin da take yi da kanta ya fi tsada.

Abinci a ƙananan garuruwa yana da sa'o'insa. Ana rufe kicin wajen ƙarfe 2 da rabi ko 3, ba a sake buɗewa sai 7 ko bayan haka, a Sifaniya ma sai 8 da rabi ko 9. Ga Musulmi, naman halal a birane yake da sauƙin samu, a gaɓa kuma kifi ne mafita, amma a tambaya: a Faransa ana yawan dafa ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da farar giya, a Fotugal da Sifaniya kuma akan jefa naman alade ko tsiran alade cikin girkin da ake zaton na kayan teku ne zalla. In za a iya, a tsara Juma'a ta faɗo a birni. Babban Masallacin Faris yana nan tun 1926, na Lisbon tun 1985, na Roma tun 1995, amma ƙauyen masunta da wuya a samu jam'i. A ƙarshen Yuni kuma rana ba ta faɗuwa a Faris sai wajen ƙarfe 10 na dare, a duba lokutan salla na kowane gari.

A ɓangaren birane abin da ke ɓata shiri shi ne ranakun rufewa. Gidan tarihin Louvre na Faris ba ya buɗewa ranar Talata, na Orsay da ke Faris da na Uffizi da ke Florence ranar Litinin, gidajen tarihin Vatican kuma ranar Lahadi in ban da ta ƙarshen wata. Cocin Sagrada Família na Basalona da tsohon filin wasan Colosseum na Roma tikiti mai sa'a ake saye ta intanet, kuma yana ƙarewa. Ranakun da aka rufe su ne suka dace da tafiya ko zaman bakin ruwa. A sa harajin kwana a lissafi, wanda Roma da Faris da Basalona da Lisbon ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa a otal ake biya daban da kuɗin ɗaki. Venice ma tun Afrilun 2024 ta fara karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa su koma a wasu keɓaɓɓun ranaku.

Teku kanta tana son a yi mata ladabi. Jar tuta a bakin ruwa tana nufin kada a shiga. A Saint-Malo, a gaɓar arewa maso yammacin Faransa, bambancin cikar ruwa da janyewarsa yana iya wuce mita 12, hanyar da aka taka zuwa tsibirin Grand Bé tana nutsewa idan ruwa ya dawo, sai a duba jadawalin da ake liƙawa kafin a tsallaka. Hanyoyin ƙafa na Calanques, wato lungunan teku masu duwatsu da ke tsakanin Cassis da Marseille, ana rufe su a ranakun da ake fargabar gobarar daji, na Cinque Terre kuma ana rufe su idan aka yi gargaɗin ruwan sama, kuma an hana hawansu da silifa. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce.

Daren ƙarshe kuwa, kowane irin tsari aka yi, a kwana a birnin da jirgin komawa zai tashi. Iska tana hana jirgin ruwa fita, zaftarewar dutse tana toshe hanyar gaɓa, ma'aikatan dogo a Faransa da Italiya suna shiga yajin aiki. A Italiya ana sanar da yajin tun kafin ranar, kuma a ranakun aiki akwai jiragen yanki da doka ta tilasta su yi zirga-zirga daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na yamma, don haka wanda ranar tafiyarsa ta faɗa kan yaji ya nemi jirgin da ke cikin waɗannan sa'o'i, ya isa tasha da wuri, domin kowa shi zai nufa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku